Kawu Sale da Ƙwallon da Ta Bi Ta Sama

Duk wanda ya taɓa zuwa filinmu na bayan Anbariyya, a nan Madina, bayan la'asar ya san abin da zan faɗa. Ɗan wasa zai taho a guje, ga raga a buɗe, sai ya ɗirka wa ƙwallo ƙafa ta tashi ta bi ta saman ƙarfe ta nufi rufin mutane. 'Yan kallo su dafe kai, wasu su ja tsaki. Mutum ɗaya ne zai miƙe yana tafi, ya ɗaga yatsa ya ce, "Maki ɗaya!" Daga nan ya duƙa ya tsinci tsakuwa ya jefa a aljihun dama na jallabiyarsa. In abokan karawa ne suka yi, tsakuwar ta tafi aljihun hagu. In kuma ƙwallo ta shiga raga, tsakuwa uku yake sawa. Wannan shi ne Kawu Sale mai walda, ƙanin mahaifiyata, kocin ƙungiyarmu Taurarin Tasha tun kafin wasunmu su fara aski.

Ku da kuka zo daga baya kun ɗauka tsufa ne ya kawo masa haka. Ba tsufa ba ne, da abinsa ya girma. Yana saurayi ya yi aikin walda a Yanbu'u tare da wasu injiniyoyi 'yan ƙasar Ailan. Ranar Juma'a in an tashi aiki sai su fito su buga wani wasan ƙwallo na ƙasarsu da suke kira Gelik, wanda ake kamawa da hannu a kuma buga da ƙafa. Turakun ragarsu dogaye ne, sun wuce ƙarfen sama. Ta shiga raga maki uku, ta bi ta sama tsakanin turaku maki ɗaya. Kawu ne ya haɗa musu turakun, suka sa shi a wasa, aka ce har ya fi wasunsu. Shi dai ya faɗa, kuma ba mu da shaidar da za ta ƙaryata shi.

Ya dawo Madina da wannan wasa a kansa, bai kuma sauke shi ba har ya koma ga Allah. Ya ce a can ma suna da gasar ƙananan ƙungiyoyi ta yanki-yanki, irin tamu ta unguwanni.

"Ƙanana ba wai yara ba," in ji shi. "Ƙanana irinku. Masu tumbi, masu zuwa shugul da sassafe neman na abinci, masu cin shinkafar kabsa kafin wasa."

Gaskiya ya faɗa. Ni direban bas ɗin masu ziyara ne. Golanmu Abakar tela ne, mutumin Chadi. Mai tsaron bayanmu Ɗahiru buhunan dabino yake sauke wa 'yan kasuwa, shi ya sa in ya rungumi ɗan wasa sai an kawo ruwa. A rukunin can ƙasa muka fara, a nan muka zauna, kuma ba mu taɓa ɗaukar kofin gasar ba.

Wata shekara Kawu ya gaji da gardamar ko ƙwallo ta bi ta tsakanin turaku ko ta gefe. Muka zo atisaye muka tarar ya ƙara wa kowane turke dogon bututun ruwa, sun miƙe sama sun kai tsayin bene. Ranar wasa wakilin kwamitin gasa ya zo, ya tsaya, ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Ya Ammi Sale, esh hada? Mene ne wannan?"

"Raga ce."

"Mamnu'u. Doka ta hana."

"Kawo awonka," in ji Kawu. Mutumin ya auna faɗi, daidai. Ya auna daga ƙasa zuwa ƙarfe, daidai. Kawu ya ce, "To, daga ƙarfe zuwa sama kuma, lajnarku ta gasa ce ke da wurin ko Allah?"

Kwamiti ya zauna a kan maganar har sau biyu, aka ce lallai a cire. Kawu ya cire, amma ya yi musu zare irin na famfo, ya zama ana ɗaurawa ana kwancewa. Ranar atisaye su hau, ranar gasa su sauka. Sauran kwanaki kuwa matarsa Inna Mairo ce ke shanya a kansu a saman gida. Akwai ranar da muka jinkirta atisaye kusan awa guda saboda zanin gado bai bushe ba.

Bai tsaya a turaku ba. Ɗahiru ya taɓa tsalle ya cafke ƙwallo da hannu biyu a tsakiyar fili, don rana ta kashe masa ido ya ji tsoro ta sauka a hancinsa. Alƙalin wasa, wani Basudane mai haƙuri, ya busa usur. Kawu ya shigo fili yana ɗaga hannu.

"Ya hakam, ka ji tsoron Allah. Ka taɓa ganin kamu mai kyau irin wannan?"

"Ammi, hannu ne."

"Na ga hannu ne. Wa ya ba shi hannun? Ya bar shi a gida?"

Alƙali ya yi ta lallashi, Kawu ya yi ta wa'azi, ƙarshe dai mutumin ya zaro jan kati ya ɗaga masa. Kawu ya miƙa hannu ya karɓe, ya ce shukran, ya sa a aljihun gaba ya fita. Alƙali ya bi shi har bakin fili yana roƙo.

"Kai ka ba ni a gaban jama'a," in ji Kawu. "Kyauta ba a karɓe ta."

Da wannan katin ya riƙa kankare fenti a shagonsa har ya lanƙwashe.

Maganar tattali kuwa, ƙwallo ɗaya muka yi shekaru muna atisaye da ita. Abakar ya ɗinke ta har ya ce shi dai ya fi gane ɗinkin da fatar. Mun je wasan sada zumunci a Khaibar, filin yana jikin gonar dabino, ni kuma na yi irin bugun da na saba, ta tashi ta maƙale a kan bishiya. Kawu ya sa tsakuwarsa a aljihu tukuna, sannan ya ce ba mai shiga mota sai ta sauko. Masu masaukinmu suka kawo sabuwa fil a leda suka ce mu riƙe. Ya juya ta ya mayar musu.

"Wannan baƙuwa ce. Waccan ta san ƙafafunsu, ta san ba su da saiti, tana yi musu uzuri."

Sai da aka nemo mai gonar ya hau da igiyarsa ya zunguro ta. Ya haɗo mu da kwandon dabino don tausayi. A hanya Kawu ya ce mu lura da kyau, bugun sama bai taɓa tashi a banza ba.

Ni ne na fi kowa cika masa aljihu, kuma ni ya fi tsokana. Ba ya kirana da sunana, sai ɗan Hauwa. Yakan ce, "Ɗan Hauwa, da a Ailan aka haife ka da yanzu hotonka na jikin bango. A nan kuwa sai haƙuri." Yaranmu da ke jin Hausa su amsa da Larabci suka sa masa suna Abu Nugɗa, wato mai maki. Ya ji, ya ce sunan ya yi, a riƙa faɗa da ladabi kawai.

Bara ƙodarsa ta gaza. Ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa, aka koma kai shi asibiti wankin ƙoda sau uku a mako. A shekarar ce kuma, ikon Allah, muka yi ta cin wasa har muka kai na ƙarshe. Ana saura kwana uku ya tara mu a ƙofar shagonsa, ya ce, "Ya shabab, ban taɓa roƙonku komai ba sai ku daina cin kabsa kafin wasa, kuma ba ku daina ba. Yau ina roƙo na biyu. Ina so in taɓa kofin nan da hannuna kafin ku kai ni maƙabartar Baƙi'a." Ya faɗa yana dariya, mu ma muka yi, amma ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

Ranar wasa aka turo shi a keken marasa lafiya. Da yake ba ya iya duƙawa, ya zo da tsakuwarsa a cikin gwangwanin madara. Da wata ƙungiya daga Khalidiyya muka kara, samari masu ƙafa. Suka ci mu ɗaya tun kafin a tafi hutu. Bayan wannan ba su sake ɗaga ƙwallo sama ba, duk abin da suka buga ko Abakar ya kama ko ya bi ta gefe. Mu kuwa muka yi ta kai hari, sau uku tana bi ta saman ƙarfe, sau uku ina jin siririyar muryarsa daga bakin fili tana cewa maki ɗaya.

Ana dab da tashi aka kayar da ɗan wasanmu a gaban raga. Alƙali ya nuna fanareti. Kowa ya juyo ya kalle ni, don ni ne kyaftin. In ta shiga mun yi kunnen doki, a ƙara lokaci, ga su kuma sun gaji. Na ajiye ƙwallo. Na waiga na ga Kawu ya dafa hannun keken ya tattaro jikinsa gaba. Na ja da baya, na taho, na buga.

Ta bi ta sama. Ba kaɗan ba ma, wani ya ce a rufin gidan burodi aka samo ta.

Na durƙusa a wurin, ina jin 'yan Khalidiyya suna murna. Sai na ji tafi daga gefenmu. Na ɗago na ga Kawu a tsaye, mutumin da ya yi wata biyu bai miƙe da kansa ba. Ya zazzage aljihun hagu a tafin hannu, ya zazzage na dama.

"Uku," in ji shi. "Huɗu. Mun ci su huɗu da uku. Ku kuka me kuke yi? Ɗan Hauwa ne ya ci mana wasa."

Har ya aika a gaya wa kocin Khalidiyya cewa kofin aro ne, su riƙe da kyau. Mutumin, Allah ya saka masa, ya ɗauko kofin da kansa ya kawo. Kawu ya kai hannu kamar zai taɓa, sai ya janye, ya ce a bari sai an gyara lissafi.

Kwana tara ban je gidansa ba. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba. Nakan biyo layin da bas in ga ƙofar, in ƙara wuta. Mutum ya roƙe ni abu ɗaya tak, ya sa shi a ƙafata, na harba shi rufin gidan burodi. A rana ta goma Inna Mairo ta kira ni ta ce, "Usmanu, kawunka ya ce in ba ka zo yau ba zai sa a turo shi har tashar bas ya yi maka tafi a gaban fasinja." Na san zai aikata, sai na tafi.

Na same shi kwance, ya ƙara ƙanƙancewa. Na zauna a bakin gado na fara ba shi haƙuri. Ya kama hannuna ya zuba mini tsakuwa huɗu.

"Kana tsammani ban san ba ta shiga ba?" in ji shi a hankali. "Na sani, ya waladi. Ni ba majnuni ba ne. Na san dokar kura, ƙwallon nan taku, tun ba a haife ka ba. Amma ku dubi kanku. Tun safe mudir a wurin aiki na faɗa muku abin da ba ku yi daidai ba, fasinja na faɗa, gida ana faɗa. Ku zo fili kuma a dafe muku kai? Mutum ya yi gudu, ya yi niyya, ya buga da iya ƙarfinsa. Ai ya kamata a samu ko mutum ɗaya da zai ƙirga masa."

Na kifa kaina a kan hannunsa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Khalas, ya isa. Amma don Allah in za ka buga ka daina jingina da baya. Shekara goma sha biyar ina faɗa maka."

Bayan sati biyu ya rasu, ranar Alhamis da hantsi. Aka yi masa salla a Masallacin Annabi bayan la'asar, daidai lokacin da ya saba fita fili, muka ɗauke shi a kafaɗa zuwa Baƙi'a. 'Yan Khalidiyya sun zo, alƙalin nan Basudane ma ya zo, yana ta share ido. Da aka share makoki Inna Mairo ta sa aka sauko da bututun nan daga saman gida, ta ce mu kai fili, ita za ta nemi igiya. Mun ɗaura su, kuma har yau kwamiti bai ce komai ba. Tsakuwa huɗun nan suna gaban bas ɗina a cikin ƙaramin kofin shayi.

Kawu bai taɓa kofi ba, kuma ni ne sanadi. Ya yafe mini tun ƙwallon ba ta sauko ba.

Ya Allah, ga bawanka Sale ya zo maka. Ka san inda ya dace, ka san inda ya yi niyya bai samu ba. Shi ya ƙirga mana namu da suka kauce, Kai kuma ka fi shi rahama. Ka ƙirga masa nasa, ka yafe masa sauran, ka sa maƙwabtakar da ya samu a Baƙi'a ta zama maƙwabtaka har Aljanna. Amin.