Inda Sabi'u Ya Ga Jirgi

Kaka ce, irin wadda dawa take fin mutum tsayi ko da ya ɗaga hannu. A shekarar nan ruwa ya yi ta zuba har mutane suka fara roƙon Allah ya tsagaita don gero ya bushe, da ya ɗauke kuma sai aiki ya taso gaba ɗaya, ga girbi, ga tonon gyaɗa, ga tsuntsaye da ba sa barin zangarniya ta huta. Babu mai zama a ƙauyenmu na gefen Tsanyawa. Baba yana fita tun raɓa ba ta bushe ba, Inna tana tsakanin turmi da murhu, ni kuma ina hanyar gona da ƙwaryar fura a kai. Cikin wannan kai-komo ne wani mai keke ya yi sallama da hantsi, ya ce Goggo Abu, ƙanwar Baba, ta sauka lafiya a can garin da take aure, gabas da Kano, bayan Jogana. Har ya juya kekensa ya ƙara da cewa gidan ba shi da wuyar ganewa, yana bakin layin dogo. Ƙanena Sabi'u yana zaune a bakin zaure, ya ji.

Sabi'u shan-inna ta taɓa shi tun yana ƙarami, ƙafafunsa suka shanye. Cikin gida da rarrafe yake zagayawa, in kuwa waje ne, bayana ne motarsa. Na goya shi zuwa makarantar allo, na goya shi zuwa kallon langa, har zanen goyon ya yi mini shaida a ƙirji. Tun ranar da wani ɗan cin rani ya dawo daga Ikko ya ba da labarin jirgin ƙasa a ƙofar gidanmu, yaron nan bai sake samun sukuni ba. Shin yana da ƙafa irin ta mota? Ina yake kwana? In ya tashi juyawa, yaya yake yi da tsawonsa? Yara suka gano, suka mai da abin tsokana. "Direban jirgi, kai da ko kasuwar Tsanyawa ba ka taɓa takawa ba!" Ba ya kuka, sai dai ya yi ta tonon ƙasa da tsinke har su gaji su tafi.

Inna ba ta yi niyyar tafiya da shi ba. Hanya da nisa, gidan suna da cunkoso, wa zai kula da shi? Ni na ce zan kula. Na faɗa da safe, na faɗa da rana, na faɗa ana cin tuwo, har Baba ya ajiye lomarsa ya dube ni ya ce, "To, Hajo, goyonki ne. Ki sani." Na san kuma irin wannan tafiya ba za ta sake samuwa ga Sabi'u nan kusa ba, in ma za ta samu.

Kawu Iro, ƙanin Inna, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake jigilar hatsi da ita, shi ya ɗauke mu ana gobe suna. Inna tana gaba, mu muna baya tsakanin itacen wankan jego da buhun gero da kaji da aka ɗaure wa ƙafa. Na jingina Sabi'u da buhun, na riƙe rigarsa, amma ya ƙi zama wuri ɗaya, ya leƙa nan, ya ja jiki ya leƙa can. Muka wuce Bichi, muka wuce Dawanau da buhunanta kamar tsauni. A Bacirawa Kawu ya tsaya zuba wa mota ruwa, sai ga wata doguwar tankar mai ta wuce tana huci. Sabi'u ya finciki hannuna yana tambaya ko shi ne. Kawu ya yi dariya har ruwan ya zube masa a takalmi, ya ce, "Wannan? Ai ko jikan jirgi bai kai ba." Cikin birni muka ji motar ta yi tsalle a kan wasu ƙarafa biyu da suka ratsa titi, Kawu ya leƙo ta taga ya ce titin jirgin ke nan. Muka haɗa baki muna roƙo ya tsaya. "In na tsaya jiran jirgi a nan," in ji shi, "sai jaririn nan ya yi gemu ba a raɗa masa suna ba." Da muka fita gari layin ya riƙa yi mana ɓuya, mu hango shi yana ƙyalli, dawa ta haɗiye shi, ya sake fitowa can gaba. Bakin Kawu ne da kaifi, zuciyarsa ba haka take ba, don a kan wata ƙaramar gada ya taka birki, ya ɗauki Sabi'u ya ɗora a rufin motar. Muka zuba ido gabas, muka zuba yamma. Awaki ne kawai suke kiwo a tsakanin ƙarafan.

A garin Goggo jirgi ba abin magana ba ne. Da na tambayi matan gidan yaushe yake wucewa, sai da suka gama dariyar baƙauyiyar da ta zo suna tana tambayar jirgi, sannan wata ta ce gobe ranarsa ce, in ya ga dama. Wani sa'in da hantsi, wani sa'in sai la'asar, wani makon ma ko ƙeyarsa ba a gani. Mu kuma Kawu ya riga ya ce jibi da sassafe za mu juya. Yini guda ke nan muke da shi.

Da la'asar na saɓa Sabi'u muka fita neman wuri. Layin yana bayan gari, kusa ƙwarai, amma dawa ta yi masa katanga. Na fara tunanin saman soron zaure, sai aka ce mini in ma daina, kafin namiji ya hau sama sai ya yi shela maƙwabta su kintsa, ranar suna kuwa da kowane tsakar gida zai cika da mata, babu wanda zai jingina tsani. Na sami wani suri mai tsayi a bakin hanya, na ɗora shi, ko daidaita zama bai yi ba gara ta fara hawa ƙafafunsa, waɗanda ba zai iya karkaɗewa ba. Akwai ɗorawa mai reshe ƙasa-ƙasa, amma wa zai riƙe shi a kai yini guda? Da muka matsa bakin ƙarfen sosai wani dattijo da gatari a kafaɗa ya kore mu, ya ce iskar jirgi tana jan yaro. Bayana ya fara zafi. Can na tuna abin da kowace 'yar manomi ta sani, in kana son hangen nesa da kaka, gonar gyaɗa za ka nema. Muka bi wata 'yar hanya tsakanin karan dawa, muka ɓulla wata gona da aka riga aka tone. Fili fetal har bakin layi, a tsakiyarta kuma ga tarin harawa ya kai ƙirjin babba. Na tura shi sama, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce, "Yaya, nan." A wajenmu harawa tana kwanaki a gona, sai maza sun gama da gero suke waiwayarta, don haka ban kawo komai a raina ba. Ban san a nan, saboda shanun da suke bin burtali da masu kiwon birni da suke zuwa saye, ba a barinta ta daɗe ba.

Da safe ana gama raɗin suna na kai shi. Na bar masa waina a kwano, da butar ruwa, da wata malafa da na aro. Zama tare da shi bai yiwu ba, 'yar dangin mai jego ba ta ɓacewa ranar suna, turmi yana jirana. Na shiga lugude da 'yan matan gidan, hannuna yana daka, kunnena yana bayan gari. Injin niƙa ya tashi, na waiga bayan gari. Babur ya wuce, na saki taɓarya ta bugi ta wata. "Baƙuwa," in ji ta, "hannun naki ma a Tsanyawa kika baro shi?" Da rana ta take na fake da zubar da ruwan wanke-wanke na ruga. Yana nan, ya cinye wainar, idanunsa sun yi ja don kallo. Na ce ko in mai da shi inuwa, ya girgiza kai ko dubana bai yi ba.

Bayan azahar ne na ji abin ta tafin ƙafata kafin kunnena, ƙasa tana wani irin kaɗawa. Sai ga kuka mai tsawo, ba irin na mota ba. Matan ko ɗaga kai ba su yi ba. Ni kuwa na yar da taɓarya na fita a guje, ganyen dawa yana yanka mini fuska, kallabina ya maƙale a kara na bar shi. Na faɗa gonar gyaɗar na tsaya cak. Babu harawa, babu Sabi'u. Buta ce kawai a kife.

Abin da ya zo mini shi ne ya gaji da jira ya rarrafa bakin ƙarfe. Jirgin yana wucewa a gabana a lokacin, ƙararsa ta cika duniya, inuwarsa tana gilmawa a kan ƙasa, amma ban ɗaga kai ba. Idona yana ƙasa ina neman sawun gwiwarsa. Ina ƙwala sunansa, ni kaina ba na jin muryata. Sawun da na gani na ƙafar amalanke ne da kofaton shanu, na bi shi da gudu ta gefen gona, har ƙarar ta yi nisa ta koma kamar daka a wani gari.

Na same su inda burtali ya ratsa layi. Wani tsoho yana riƙe da igiyar hancin bijimai biyu yana lallashinsu, amalanken maƙil da harawa, can a ƙololuwa kuma ga Sabi'u da malafarsa, an zagaya ƙugunsa da igiya kamar dami. Tsohon ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ce mai ajiyar? Na zo kwasar harawata na tarar ta haihu." Ya ce barin harawar ba zai yiwu ba, shanu za su biyo da yamma, barin yaro a tsurar ƙasa cikin rana ma ba zai yiwu ba. Ya ce zai kai shi gida, yaron ya rantse in aka raba shi da bakin layi ba zai yafe ba. Sai ya ɗora shi a kan kaya ya zo nan ya tsaya, aikinsa yana jira. Na durƙusa na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Sabi'u kuwa ya leƙo daga saman harawar. "Yaya, akwai mutane a ciki! Wani ya ɗaga mini hannu! Kin ga tsawonsa?" Na ce ban gani ba, shi nake nema. Ya dube ni. Sannan ya ce in hau, na taka ƙafar amalanken na hau, ya fara ba ni jirgin tun daga kai, tarago bayan tarago, da launinsa, da mutumin da yake zaune a bakin ƙofa yana shan rake, bai kai wutsiya ba har muka shiga gari. Inna ta yi mini faɗan taɓarya da na kallabi a gaban mutane, amma da ta juya na ga tana goge ido da bakin mayafi.

Yanzu 'ya'yana suna kallon jirage iri-iri a waya, su ture da yatsa su wuce. Ana ta maganar sabon layi da zai bi ta arewacinmu, wataƙila jikokina su riƙa jin kukansa daga tsakar gida su ƙi ɗaga kai, kamar matan garin Goggo. Sabi'u yana ɗinki a Bacirawa, da kekensa na hawa mai tuƙin hannu da iyalinsa, ba ya bukatar bayan kowa. Ni da na koyi riƙe biro da girmana a ajin yaƙi da jahilci, har yau ban ga jirgi yana tafiya da idona ba, wanda na sani shi ne wanda aka ba ni a kan harawa. Wani lokaci bayana yakan yi kewar nauyin nan.

Washegarin sunan nan, Kawu yana ta fama da motarsa ta ƙi tashi, na goya Sabi'u muka sulale bayan gari. Raɓa ta jiƙa ƙarafan, babu kowa. Na shiga tsakaninsu na riƙa taka katakan ɗaya bayan ɗaya, da sauri, da sauri, shi kuma ya riƙe wuyana yana yi mini kukan jirgi a kunne, muka nufi gabas har sai da muka ji Kawu yana danna hon.