Ƙararrawar Kekena a Bayan Tagar Aji Biyu

A shekarar da aka sake buɗe makarantu bayan zaman gida na Korona, a shekarar ne ɗana na fari ya soma dawowa daga makaranta da jiƙaƙƙen wando. Yana aji biyu a firamaren garinmu, nan wajen garin Turawa a ƙasar Karaye. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa kiran sunan da bakina ba, domin mu Fulani ne ta wajen uba, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya jan sa a jiki a gaban mutane. Haka mahaifinmu ya yi da yayana, haka na tashi na tarar. In zan ba shi abu sai in ce, "A miƙa wa wancan."

Ba fitsarin kwance yake yi ba, tabarmarsa a bushe take kwana. Da rana ne, a cikin aji. Sai ya jira kowa ya watse sannan ya fito, ya rungume jakarsa ta gaba, ya biyo ta bayan gonaki. Yara suka sa masa suna Famfo. Ni kaina na ji sunan wata rana ina wucewa a keke, na yi kamar ban ji ba.

Uwarsa ta yi abin da ta ga ya dace, ta hana shi koko da ruwa da safe. Abin bai ragu ba, sai ma yaron ya rame, ya daina wasa. Mahaifiyata, Inna, ita kaɗai ke iya yi masa magana kai tsaye, da yake jikanta ne, akwai wasa tsakaninsu.

"Mijin nan nawa," in ji ta, "ko dai so kake ka yi mini noman rani a tsakar gida?"

Da can yakan rama. Ranar ko murmushi bai yi ba.

Ana haka Yaya ya zo daga rugarsa ta wajen Rogo. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gare mu, maganarsa ba a mayar da ita. Ya ji labari a wurin mata, ya kira ni gindin darbejiya.

"Ka ba ni yaron nan," ya ce. "Shanu ba sa yi wa mutum dariya. A daji duk inda ya matse shi sai ya tsuguna."

Na ce, "Yaya, a yi mini haƙuri zuwa hutu."

"To, zuwa hutu. In na zo na tarar da shi haka, da shi zan koma."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, tausayi ne. Amma ni na san hanyar. Ina kamar shekarun yaron aka miƙa mini sanda, ban ga cikin aji ba sai da furfura ta soma fito mini. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, a wannan makarantar, a ɗakin aji biyun ma. Ina naɗe ƙafafuna a ƙarƙashin ɗan bencin da yara suka tashi, ina haɗa baƙi da wasali. Ban so ɗana ya jira furfura.

Muka tafi asibiti a Karaye, ni da Inna da shi. Suka shiga, na tsaya a bakin ƙofa. Malamar asibitin ta leƙo ta ce, "Baba, shigo mana, ba ɗanka ba ne?"

Inna ta ce, "Nasa ne, 'yar nan. Shi ya sa ba zai shigo ba. Ɗaga murya kawai, kunnensa na nan."

Ta kuwa ɗaga. Aka gwada fitsarin, ba ciwo. Ta tambayi yadda yake bayan gida, ashe yakan kwana biyu bai yi ba. Ta ce hana ruwan nan shi ke ƙara ɓata abin, a ba shi ruwa, a ba shi ganye da gwanda. Ta ce kada a dake shi, kada a yi masa gori. Wasu yaran, in ji ta, sukan matse har jikinsu ya daina gaya musu lokaci ya yi. Maganin shi ne ya riƙa fita a kan lokaci, ko ya ji ko bai ji ba, har jikin ya sake koyo.

A gida wannan mai sauƙi ne, Inna na nan. A makaranta fa? Malaminsu shi ne malaminmu na yamma, saurayi ne mai kirki. Bayan darasi na tsaya na gaya masa. Ya ce, "Baba, gaskiya zan faɗa maka. Yaran sun yi wa idona yawa, zan manta. In kuma na tuna na kira shi a gaban aji na ce ya fita, na ƙara masa suna na biyu ke nan."

Ina tura kekena zuwa gida, babban yatsana ya taɓa ƙararrawar. Na tsaya a kan hanya na sake taɓa ta. Hanyar fadama ta bayan tagar ajinsu ta bi, kekuna na wucewa ta nan dare da rana, ba mai kula da su.

Washegari na koma wurin malamin, ya yarda duk lokacin da yaron ya miƙe ya fita abinsa, ba sai ya nemi izini ba. Inna ce ta kai wa yaron saƙon. Ina daga zaure ina jin ta: "Maigidana, ka san kukan keken babanka? To in ka ji shi sau biyu a bayan taga, ka ɗauki buta. Ba wanda ya sani, daga kai sai keken."

Haka muka fara. Ina noman albasa a fadama, injin ban ruwa kuma na haɗin gwiwa ne da maƙwabcina, layina da hantsi yake. Sai in saki ruwa, in hau keke, in zo bayan taga in kaɗa, in wuce ban waiwaya ba. Kafin azahar in sake dawowa. Wani lokaci in koma in tarar ruwa ya fasa kunya ya tafi gonar wani, wani lokaci maƙwabcin ya ɗauke injin. Ya taɓa ce mini, "Wai kai budurwa ka yi a cikin gari ne?" Na ce masa eh, kuma ba ta son a makara.

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Akwai ranakun da na kaɗa a kan lokaci, ya dawo a jiƙe duk da haka. Sai uwarsa ta wanke wandon ta shanya a bayan ɗaki. A igiyar shanyar nan nake karanta labarin kowace rana. Sannu a hankali igiyar ta soma kwana ba wando.

Ana saura kaɗan a yi hutu, tayar keken ta fashe mini a fadama. Na turo shi a ƙasa, rana ta take, gumi har cikin ido, na san lokaci ya wuce. Da na iso kusa da makaranta sai na hango shi yana dawowa daga bayan gida, buta a hannu, wandonsa a bushe. Ba wanda ya kaɗa masa komai. Na jingine keken a jikin katanga, na sunkuya kamar ina duba taya. Ya zo zai wuce, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Sai ya miƙa hannu ya kaɗa ƙararrawar sau biyu, ya ruga aji da gudu.

Na daɗe a sunkuye a wurin, ina duba tayar da na riga na san inda ta fashe.

Da Yaya ya zo, Inna ce ta tare shi. "Ka makara," ta ce. "Mijina ya ce biro zai riƙe." Yaya ya yi dariya, ya sha furarsa, ya bar wa yaron ɗan akuya ya koma Rogo. Yanzu yaron yana ƙaramar sakandare. In na kakare a karatuna nakan bar littafin a buɗe a zaure in fita, in dawo in tarar an gyara mini da fensir.

Abin da na rasa a wannan rani ba shi da yawa. Fangali uku na gonar albasata sun bushe. Jarrabawar ajinmu ta wuce ni saboda ban ruwan da na mayar yamma, sai da na maimaita shekara. Taya ɗaya ta tafi, wanduna biyu sun koɗe da wanki. Ƙararrawar ma daga baya ta daina kuka, amma ban cire ta ba.