Tayar da Baba Sale Ya Rataye a Bango

Bayan la'asar ne, ina tsaye a titin Mansur ana naɗe mini tsire a takarda, sai wayata ta yi ƙara. Hajara ce, babbar 'yar Baba Sale. Ta fara da Larabci kamar yadda mu haifaffun Makka muka saba, sai muryarta ta karye, ta koma Hausa. "Yaya Usman, Baba ya rasu. Yanzun nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na juya na bar tsiren a hannun mai shi. Bayan magariba aka sallace shi a Harami, muka raka shi makwancinsa.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Salihu mai gyaran taya ne a unguwar Utaibiyya, a irin shagon da mutanen nan ke kira banshar. Iyayensa da ƙafa suka taso daga ƙasar Katsina, suka yi shekaru a Chadi da Sudan, a kan hanyar aka haife shi. Yakan yi dariya ya ce, "Ni da aka haifa a kan hanya, ina za ni in ba wurin taya ba?" Masu tasi na unguwar Hindawiyya da faci suka san shi. Mu kuwa 'yan tsirarun da Allah ya jarabta da son tseren mota, shi ke saita mana iskar taya da tsayuwar ƙafafun mota kafin mu shiga fili.

Ni ma'aikacin ofis ne, ba wani gwanin tsere ba. Ina da tsohuwar mota da na cire wa kujerun baya, ranar hutu in kai ta wani filin tsere a wajen Jidda. Shekara goma sha ɗaya Baba Sale na bina. Har yanzu in na rufe ido ina ganin tafiyar nan ta bayan asuba: duwatsun Makka suna ja da baya a hankali, sama tana washewa, shi yana gefena da carbi a hannu ɗaya, tsohon gejinsa na auna iska a ɗaya. Ba ya yawan magana. Wani lokaci sai in ji kamar ba tafiya muke ba, hanyar ce ke zuwa wurinmu.

Aikinsa na saiti da zare yake yi. Sai ya ja zare daga gaban mota zuwa bayanta ta kowane gefe, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya. Yakan karkata saman tayar zuwa ciki kaɗan, domin in mota ta jingina a kwana, fuskar tayar duka ta zauna a kan kwalta. Bakin tayoyin gaba kuma ya buɗe su waje da kaurin farce, don motar ta amsa sitiyari da wuri. In ka matsa masa da sauri, ko kallonka ba zai yi ba. Abin da zai ce kawai, "Ya waladi, ɗana, kai ke sauri, zaren ba ya sauri."

Maganar iska kuwa, nan ne iliminsa yake. Da safe yakan sa wa tayar iska ƙasa da ta motar titi, har ka ga kamar ta yi laushi. Yana cewa, "Iskar safe ba ita ce iskar rana ba. Ka bar mata wurin da za ta kumbura." In na zaga fili sau uku sai ya ɗaga hannu in shigo. Ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa da ya yi kanta a wuri uku: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. In tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. In gefe biyun suka fi, ta yi kaɗan. In gefen waje ne kaɗai, to karkatar ƙafar ce ba ta isa ba. Yana yin haka idonsa a lumshe, kamar uwa tana taɓa goshin ɗanta mai zazzaɓi.

Ba yabonsa kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai haƙƙinsa a wuyana, kuma a gaban jama'a na ɗauke shi, don haka a gaban jama'a ya kamata in sauke.

Shekara huɗu da suka wuce aka shirya 'yar gasa a filin nan. Wasu direbobi sun zo da na'urorin auna zafi masu tsada. Ɗayansu ya taka tayata ta baya da ƙafa, ya yi dariya ya ce, "Usman, da faci za ka shiga tsere?" Kunya ta kama ni. Baba Sale ya tafi alwala zai yi walaha, ni kuwa na ɗauki famfo na ƙara wa tayoyin baya iska, na mayar da murfin kamar ban taɓa ba. Rana ta ɗaga, kwalta ta ɗauki zafi, iskar ta kumbura kamar yadda ya sha gaya mini. A zagaye na biyar, a doguwar kwana, bayan motar ya kuɓuce. Na ga sama da ƙasa suna juyawa a hankali, ba ƙara, ba tsoro, sai da na daki shinge sannan duniya ta dawo.

Ko ƙwarzane ban yi ba. Mutane suka taru. Baba Sale ya iso da gudu da takalmi ƙafa ɗaya. Ya fara shafa kaina da ƙirjina, sannan ya durƙusa ya ɗora hannu a kan tayar baya. Ya daɗe a haka. A nan wani ya ce da ƙarfi, "Hannun tsoho ya tsufa, a ƙyale shi ya huta." Baba Sale ya ɗago ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Abin da ya ce kawai shi ne, "Alhamdu lillahi da ka fito."

Daga ranar direbobi biyu suka daina kai masa motocinsu, maganar kuma ta bazu. Shi bai fasa bina Jidda ba. Ni kuma kullum sai in ce gobe zan gaya masa. Na sha buɗe baki a kan hanyar nan ta asuba, sai in ga yana jan carbinsa cikin natsuwa, in haɗiye maganar. Na ɗauka bai sani ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, kuma ina jin ciwon haka har cikin raina.

Ranar uku da rasuwarsa Hajara ta ce in raka ta shago, akwai saƙona. Ta buɗe ƙofa. Zarensa na nan a naɗe a kan ƙusa, butarsa a inda ya bar ta. Ta nuna bangon lungun da yake salla, inda ban taɓa shiga ba. Wata taya ce a rataye, tsakiyarta ta cinye ta yi sumul, gefunanta kuwa kamar sababbi.

"Ka gane ta?" in ji Hajara.

Na gyaɗa kai.

Ta ce, "Na taɓa tambayar Baba me ya sa bai jefar da ita ba. Ya ce, 'Ta Usman ce. Ina alwala ya ƙara mata iska. Ranar da ya zo da maganar zan sauke ta, mu sha shayi mu yi dariya.'"

Na ce, "To me ya hana shi faɗa wa mutane? Sunansa fa aka ɓata."

"Ya ce in ya faɗa, kunya ba za ta bar ka ka koma filin ba. Kuma tun rasuwar mahaifinka, a can kaɗai yake ganin dariyarka."

Na zauna a kan bencinsa na yi kuka irin wanda ban yi a maƙabarta ba. Da na iya magana na ce, "Hajara, ya yafe mini?"

Ta ce, "Wallahi Yaya, cewa ya yi tun kafin ya ɗauke hannunsa daga kan tayar."

Don haka ku da kuka kasance a filin ranar nan, da ku da labari ya iso muku, ku shaida: hannun Malam Salihu bai tsufa ba, bai kuma yi kuskure ba. Ni Usman na ƙara iskar, ni na yi shiru aka zarge shi.

Tayar tana ɗakina yanzu. Jiya da na kwanta ƙailula na gan shi a mafarki yana tafiya a gefen wani dogon zare fari da ba a ganin ƙarshensa, takalmansa duka biyu a ƙafa. Da na farka na ɗora hannuna a kan tayar, ciki, tsakiya, waje. Duk ta yi sanyi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Salihu, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Ka ba Inna Rabi matarsa, da Hajara da ƙannenta haƙurin rashinsa, ka zama gatansu. Ya rufa mini asiri shekara huɗu, ya Allah ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun ban roƙa ba. Amin.