Kawu Manu da Mutanensa na Cikin Kwamfuta

Kun dai san Kawu Manu ba ya buɗe kwamfuta sai ya yi sallama. "Akwai mutane ciki," in ji shi, "kuma duk sun fi ni karatu."

Sai da ya ajiye aikin malamin gona sannan ya shiga digiri na biyu, a kan yadda masuntan Argungu ke gane halin ruwa. Ni 'yar ƙanwarsa aka ɗora wa koya masa manhajar nan da ake zuba hirarraki da takardun masana, ana bin su layi-layi ana sa alama. Wayyo ni!

Ranar farko na kwaso marubutan duka na zuba su wuri ɗaya. Ya leƙa, ya dafe kai.

"Hadiza, mi kika yi haka? Wanga Bature da wanga Ba'indiye ba su shiri! Raba su."

"Kawu, takardu ne fa."

"Don ba ki karanta abin da suka ce ma juna ba!"

Wata rana muka sake shigo da jerin masanan, sai wata farfesa ta fito sau uku. Na kai hannu zan goge biyu, ya riƙe ni. "Bar ta, ɗiyata. Ta sha wahala kafin ta kai nan." Sai da ya tafi masallaci na yi aikina.

Amma ranar kare digiri a Birnin Kebbi ce ta kusa tsayar min da zuciya. Ashe ya cusa wani suna da hannunsa cikin jerin masana: Ɗan-Iro, ba shekara, ba sunan littafi. Baƙon malamin da ya zo jarrabawar ya ɗaga takarda.

"Alhaji, na nemi wannan ban same shi ba. In ƙirƙira ce, aikin nan duk ya rushe."

Ni na shirya jerin, gumi ya jiƙa min mayafi. Kawu ko gezau.

"Ina kuka neme shi?"

"A intanet."

"Haba! Ai ba shi can. Ga shi nan waje gindin darbejiya."

Wallahi tun da safe ya sa aka ɗauko tsohon masuncin daga Argungu! Ɗan-Iro ya shigo, ya cire takalmi, ya fara bayanin launin ruwan kogin Rima. Baƙon ya zaro biro yana rubutu har shayinsa ya huce. A ƙarshe ya ce aiki ya yi, a dai mayar da sunan cikin waɗanda aka yi hira da su.

Na fito na zube a kan matakala, ina hamdala. Kawu kuwa yana ta mita: "An rage mishi girma!"

Damina biyu kawai ya ƙara bayan nan. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya rubuta shi cikin salihan bayi. Amin.