Ƙwan da Na Mayar wa Alhaji

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta ranar da na mayar da ƙwan maƙwabcinmu ba. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma baki kam ina da shi tun ina yarinya.

Gidanmu na can cikin birnin Zariya, a wani lungu. Maigidana, Malam, mai ɗinkin manyan riguna ne. Da hantsi yakan zauna a zaure, farar shadda a cinyarsa, yana aiki yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Har yau kunnena na neman muryar nan.

Sai Alhajin da muke katanga ɗaya, abokinsa tun makarantar allo, ya cika bayan gidansa da kajin gidan gona. Duk ranar da aka kwashe ɓuntun da ke ƙarƙashinsu, ƙura ta taso da busasshen kashi da gashi, ta sauka a randa, a tuwo, a kan shadda. Malam ya fara tari, daga baya ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar usur. Kowace Juma'a kuwa Alhaji sai ya aiko da kwanon ƙwai.

"Malam, ka yi masa magana mana."

"Da wane bakin? Wanda na ci ƙwansa da shi? Ke dai ki yi haƙuri, maƙwabci ne."

Wata Juma'a na tarar da Malam ya jingina da bango, allura a hannu, ya kasa ko amsa sallama. Ga kwanon a gefensa. Na zari mayafi, na kwashi kwanon da rigar da yake ɗinkawa, sai ƙofar Alhaji. A birni mayar da kyauta ya fi zagi ciwo, na sani sarai.

"Lafiya, matar Malam? Ƙwan ne ya yi kaɗan?"

"Yawa ya yi, Alhaji, ga abinka. Dubi rigar nan, da safe fara ce. Ita a wanke ta. Ƙirjin abokinka fa, wa zai wanke?"

Alhaji ya dubi rigar. Ya biyo ni zaure, ya durƙusa yana sauraron yadda Malam ke jan numfashi.

"Haba Malam, duk wannan ba ka faɗa mini ba?"

Malam ya yi murmushi da ƙyar. "Ai ga shi ta faɗa."

Kafin damina Alhaji ya kwashe kajinsa zuwa bayan ganuwa. Zaure ya washe, amma waƙar ba ta dawo ba. Rigar nan Malam bai ƙarasa ta ba har Allah ya karɓi abinsa. Tana cikin adakata, nakan ɗauko ta in shafa inda allurarsa ta tsaya.

Tun daga ranar na gane kawaici abin kirki ne, amma idan ya kai ga numfashin mutum, a ajiye kunya a yi magana tun da wuri.