Duwatsun da Maigidana Ya Watsar

Maigidana ba ya iya wuce abu a kan hanya. Ko a Fordham Road, babban titin unguwarmu ta Bronx a nan ƙasar Turawa, inda yake da teburin huluna da turare, in ya ga ɓawon ayaba ko fasasshiyar kwalba sai ya sunkuya ya kawar, mutane na ta bangazarsa. Haka aka rene shi a Maraɗi, cewa kawar da abin da zai cutar da mai wucewa lada ne. Ni kuwa Bakanuwa ce mai gajen haƙuri, na sha yi masa tsiya cewa masu sharar birnin nan sun samu ɗan'uwa.

Autarmu ce ta ja mu hawan dutse. Tun da ta shiga jami'a ta zama baƙuwa a gidanmu. In ta zo hutu sai ta shige ɗaki, a yi mata Hausa ta amsa da Turanci, shi ma a taƙaice. Uban ya fi ni jin ciwon abin, don da ita ce 'yar rakiyarsa ko'ina. Ranar da ta ce mu zo mu ga irin yawon da take yi da ƙawayenta, bai tambayi nisa ba ya ce to. A kicin ya raɗa mini, "Hajiya, don Allah kar mu ba ta kunya. In muka ɓata wannan, ba za ta sake gayyatarmu ba."

Muka bar Bronx bayan asuba, ita ke tuƙi, har gine-gine suka ƙare muka shiga wani dajin gwamnati can arewa. Ta hana ni ɗaukar kula, wai ba a hawa dutse da ita. Na juye dambuna a roba na cusa a jakar uban.

Da farko tafiyar daɗi gare ta, ga inuwa, ga ƙamshin ganye, muna bin ɗigon fenti a jikin itatuwa. Can sama itatuwan suka ƙare, sai tsurar dutse doguwa kamar gadon bayan bijimi, iska na neman kwashe mini mayafi. Gwiwoyina suka fara kuka. Yarinyar ta kama hannuna, ni kuwa na ƙi saki, don na daɗe ban ji hannunta a nawa ba. Uban yana can baya, sai dai mu riƙa jin ƙarar duwatsu. Na ɗaga murya, "Malam, tsufa ne?" Ya ce mu je, yana tafe.

A ƙololuwa na manta da gwiwa. Daji shimfiɗe har iyakar gani, tafki na ƙyalli can ƙasa. Muka buɗe dambu, wadda ta hana ɗaukar kula ta fi kowa ci. Sai maigidan ya share gumi ya ce, "Bon, ni dai yau na samu lada. Wasu marasa aikin yi sun bi hanyar nan suna tara duwatsu tsibi-tsibi, daidai inda mutum zai yi tuntuɓe. Duk na watsar."

Yarinyar ta daina tauna. "Daddy, you did what?"

Ashe a tsurar dutse babu itacen da za a shafa wa fenti, saboda haka tsibin duwatsun nan su ne alamar hanya. In hazo ya sauko, su kaɗai mai tafiya zai bi ya kauce wa rami. Na waiga baya, ko'ina iri ɗaya. Faɗa ya zo mini har baki, sai na ga shi ba hanyar yake kallo ba, fuskar 'yarsa yake kallo. Ya cire hula ya ce a hankali, "Na ɓata, ko?" Ta kau da kai. Tausayinsa ya kama ni, na haɗiye faɗan.

Ya miƙe ya ce zai mayar da su. Muka kama gangara, ita tana duba taswira a wayarta tana nuna wuri da yatsa, fuska a ɗaure, shi yana tsinto duwatsu yana jerawa, ni ina zaune ina ba da umarni. Muna cikin haka wasu Turawa, mata da miji, suka iso. Suka tsaya suna yaba masa, wai samun mai gyara wa jama'a hanya irinsa sai an tona. Matar har da dafa ƙirji. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "No problem, no problem."

Suna ɓacewa yarinyar ta fashe da dariya, ta zauna daɓas tana share hawaye, ni ma na kasa riƙewa. Da ta lafa sai ta cusa wayar a aljihu, ta ɗauko wani faffaɗan dutse da hannu biyu ta miƙa masa. "Baba, wannan a ƙasa. Sannu da aiki." Hausar a karkace ta fito, amma ya karɓa bai gyara mata ko harafi ba.

A mota, mun doshi gida, ta ce akwai wani dutsen wata mai zuwa. Ta dube shi ta madubi ta ce, "Amma kai ne a gaba, Baba, ina kallon hannunka." Ya ce to, ya juya wajen taga yana ta gyaran hular da ba ta karkace ba.