Kan Ɗanliti a Jikin Baturiya

Ranar sunan ɗansa na fari Ɗanliti ya sha kunyar da har yau in na tuna sai na nemi wurin zama. A Bebeji aka yi, ƙofar gidan surukinsa Malam Maikano, domin matarsa Barakatu can ta je haihuwa, kamar yadda aka saba in cikin fari ne. Ni na raka shi daga Tudun Wada. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma ni ba a yanka rago in ji labari daga baya. Kwanansa tara ke nan da dawowa daga Ingila. Ya ƙi sa riga irin ta mutane, sai wata kwat shuɗiya da aka ba shi can, aljihunta a ƙirji, ba marfi. An yi addu'a, an raɗa wa yaro suna, ya matsa ya durƙusa zai gai da surukinsa. Yana sunkuyar da kai sai wata 'yar takarda ta sulluɓo daga aljihun ta faɗi kan buzun Malam, fuskarta sama.

Hoto ne. Malam ya ɗauka ya nesanta shi da ido, ya matso da shi, ya sake nesantawa. Kan Ɗanliti ne ba tantama, har da wushiryarsa, yana dariya haƙora waje. Amma daga wuya zuwa ƙasa wata ƙatuwar Baturiya ce fara tas, cinyoyi kamar turmi, ba komai jikinta sai ɗan ƙyalle mai ɗigo-ɗigo. Ga ruwa shimfiɗe a bayanta. Malam ya juya gefensa. Ya miƙa wa liman, liman ya yi salati ya miƙa wa na kusa da shi, haka hoton ya zaga tabarma uku kafin ya iso hannuna. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na fi kowa daɗewa da shi. Ɗanliti na nan durƙushe, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ko naman sunan bai tsaya ci ba.

To bari in faɗa muku ko wane ne Ɗanliti, don kada ku zaci mutumin banza ne. Ɗan manoma ne, amma tun yana yaro ba a taɓa ganinsa yana tafiya irin ta mutane ba, ko gishiri aka aike shi saye sai da gudu. Da ya girma aka ba shi jakar wasiƙu. Yana tashi daga Tudun Wada bayan asuba, ya kai ta Kwanar Dangora inda motar Kano zuwa Zariya take tsayawa, ya karɓo wata, kafin magariba yana gida yana neman tuwo. Ba takalmi, sai goran fura a kafaɗa. Wani Bature mai aikin kuza a Riruwai ya yi ta wuce shi a hanya, ran nan dai ya rage gudun motarsa ya bi shi a baya yana duba agogo. Daga nan aka kai shi tsere Kaduna, ya bar su a baya. Aka kai shi Ikko. A shekarar 1954 aka sa shi jirgin ruwa shi da wasu mutum uku, wai za a je a gyara musu gudu a Ingila, wata uku.

Ni tun kafin zancen hoton nan na fara shakkar tafiyar. Mutum ya je koyon gudu ya dawo da kumatu. Bai zo da kofi ba, bai zo da lamba ba, sai wasu takalma masu ƙusoshi a ƙasa da ya rataya a ɗaki bai ƙara sa su ba. In ka tambaye shi gudun, kalma biyu ce: akwai sanyi, kuma wani tsoho mai usur yana sa su zagaya fili ɗaya har kai ya yi jiri. Wai a tseren da aka yi musu na ƙarshe ya zo na biyar. Na ce cikin mutum nawa? Ya ce da yawa. Amma ka kuskura ka tambaye shi abin da yake yi ranar Lahadi, da ba a fita fili, to ka bar aikin gonarka na ranar.

Wai ya shiga jirgin ƙasa da ke tafiya a ƙarƙashin gidajen mutane, kamar gafiya. Wai ya je wani gida da aka tara namun daji, ya ga kura kwance a inuwa, Bature guda da hularsa yana kawo mata nama a bokiti, mutane na biyan kuɗi su kalle ta. Wannan kurar da muke jifa da dutse a bayan gari. Wai ya hau wani soro mai matakala fiye da ɗari uku, shi kaɗai ya kai sama bai tsaya hutawa ba, da ya isa kuma ba abin da ya gani sai hayaƙi. Wai suna sayen kifi da dankali a naɗe cikin jarida, su ci suna tafe. Wai a bakin teku mutane sun fi na kasuwar Kiru yawa, kowa zaune kan kujera yana kallon ruwa, ba mai ɗiba, ba mai wanki, ba mai su. Na ce masa to me suke jira? Ya ce shi ma ya zauna ya jira tare da su har yamma, bai ga abin da ya fito ba. Ina jin waɗannan ina gyaɗa kai, amma a raina ina cewa ko dai yawon buɗe ido kawai aka kai mutumin nan, ko kuwa ma a Ikko ya tsaya yana tattara labarin 'yan jirgi.

Kwana uku bayan suna saƙo ya zo daga Bebeji. Malam Maikano ya ce ko an yi arba'in, Barakatu da jaririnta ba za su koma Tudun Wada ba, sai ya san abin da ya aura wa 'yarsa. Ba ya neman a raba aure, in ji shi, amma ba zai miƙa jikansa ga wanda ya je ƙasar Turawa ya tuɓe ya zama mace ba. Hoton kuma ya riƙe, ya sa cikin gafakarsa.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce kayan mata aka sa masa aka shafe shi da alli, shi ne wasan da aka kai shi yi, ba gudu ba. Wasu suka ce allura ce Turawa suke yi wa masu tsere, jiki ya juye na ɗan lokaci. Uba wanzami ya ce shi a saninsa likitocinsu na iya cire kai su ɗora a wani jiki su mayar, kuma da Ɗanliti ya zo aski sai da ya bi wuyansa da yatsa tun daga ƙeya har maƙogwaro yana neman ɗinki. Bai samu ba, ya ce wannan shi ya nuna gwanintar aikin. Ni ban ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Iyakata in na ji a nan in kai can. Ina kuma gai da Ɗanliti ta kan katanga da safe in ce, "Uwargida, an tashi lafiya?"

Ran nan ya kira ni zaurensa ya ba ni labari. Ya ce a bakin tekun nan ne. Wani mai ɗaukar hoto ya kafa allo dogo a tsaye, da rami a samansa daidai kan mutum. Abokin gudunsa, wani ɗan Ikko mai son wasa, ya ja shi ta bayan allon ya ce ya sa kansa a ramin. Shi bai taɓa ɗaukar hoto ba, ya zaci haka ake yi, don kada mutum ya motsa. Bai san da zane a gaban allon ba sai da aka miƙo masa takardar. Na ce to dariyar fa? Ya ce ya ga kowa na dariya ne ya taya su. Na ce to me ya hana ka yaga shi? Ya ce shi ke nan hotonsa a duniya, ya so ya yanke kan da reza ya ba Barakatu, amma duk lokacin da ya ɗora reza a wuyan sai ya kasa yankawa.

Maganar ta ɗan shige ni, amma ba duka ba. Wane mai hankali ne zai sayi katako mai kyau ya huda shi, don kawai mutane su zama mata?

Matsalar Ɗanliti ita ce ba shi da bakin da zai faɗi wannan a Bebeji. Surukinsa ne. Gaisuwa ma daga nesa yake yi, ido a ƙasa, balle ya buɗe baki ya ambaci cinyar mace a gabansa. Ubansa ya rasu, ba shi da wa. Don haka ya roƙe ni in je a madadinsa, tunda an ce ina da baki. Na hau kekena na je, na durƙusa na zayyana wa Malam labarin allo da rami yadda aka ba ni. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Inuwa, kai ka ga allon?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban gani ba."

"To kai da kake maƙwabcinsa, ka yarda?"

Nan na sosa ƙeya. Sosawar nan ba ta fi ta ƙiftawa uku ba, amma ita ta ɓata komai. Malam ya ce in sha ruwa in gai da mutanen gida.

Arba'in ta zo ta wuce. Aka shiga kwana hamsin. Kumatun Ingila suka zube. In ya kai jaka Kwanar Dangora ranar Alhamis, maimakon ya huta sai ya zarce Bebeji da gudu, ya tsaya bayan katangar gidan ko zai ji kukan yaron, sannan ya juyo. Barakatu ta aiko masa cewa ita ta san ƙafafun mijinta, kamar karan dawa suke, ko a mafarki ba za su yi kaurin nan ba, amma ba za ta fita gidan ubanta ba da izininsa ba. Da na ji haka na daina gaisuwar katanga. Sai dai shi ma ya daina yi mini magana, ina dai jin ƙarar sassaƙa daga gidansa kwana biyu.

A na ukun ya fito da ƙyauren ɗakinsa naɗe cikin tabarma, ɗaure da igiya. Ya ce in taso mu je Bebeji, tunda ni na ɓata ni zan gyara. Ya ɗora ƙyauren a ka, ni ina kan keke, amma sai da ya riƙa jirana a gindin itatuwa. Muka kwana Kiru, da hantsi muka isa. Malam na zaune ƙofar gida da liman da dattawa kamar shida, yawancinsu waɗanda hoton ya bi ta hannunsu.

Ɗanliti ya gaisa daga nesa. Ya kafa ƙyauren a tsaye, har yanzu tabarma na rufe da gabansa, ya ja ni baya. Sai na ga ya huda rami a sama. Ya raɗa mini cewa in sa kaina kawai in tsaya. Na tambaye shi abin da ke gaba, ya ce shi ma ba a gaya masa ba a lokacinsa. Na sa kai. Ya kwance igiya, tabarma ta faɗi.

Liman ne ya fara, ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Sai sauran suka ɓarke, wani tsoho har rawaninsa ya kwance. Ni kuwa kaina a rami, ina kallonsu, ban san lokacin da na washe baki ina taya su ba. A nan na gane dariyar cikin hoton, ba wanda ya yi mini bayani.

Malam Maikano bai yi dariya ba. Ya tashi da sandarsa, ya zo ya dubi gaban ƙyauren, ya zaga baya ya dubi ƙafafuna da kekena jingine, ya dawo gaba. Ya shiga zaure ya fito da hoton, ya ɗaga shi kusa da kaina, ya daɗe yana duban wannan yana duban wancan. Can gemunsa ya motsa. Ya miƙa wa liman hoton ya ce a ba mai shi, ya leƙa cikin gida ya ce a gaya wa Barakatu ta haɗa kayanta, gobe da safe za a raka ta ɗakinta.

Sai a lokacin na zare kaina na zagayo in ga abin da na zama. Jaki ne, an zana shi da gawayi da farar ƙasa, ciki ya kumbura, da mangala a baya, wutsiya a ɗage. Har kunnuwa ya yi masa a gefen ramin, daidai inda kaina yake.

Na sami Ɗanliti yana naɗe tabarma, yana ɓoye murmushi don surukinsa na kusa. Na ce, "Haba Ɗanliti, duk halittar Allah ba ka ga abin zanawa ba sai jaki? A gaban dattawa?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ni nawa kwana hamsin ana gardama ko jikina ne. Kai fa, tun da ka sa kai, ka ji wanda ya ce ba naka ba ne?"